Gorar Zamzam ɗin Inna

"Ɗiga mata Zamzam ɗin nan," in ji Gwaggo Kande, ƙanwar Inna.

Kubura ta buɗe gorar a gefen shimfiɗar Inna. Tun da mahaifiyarta ta dawo Hajji ta ɓoye ruwan nan, ta ce shi za ta sha ranar tafiya. Bara waccan da 'yar Kubura ta kwanta zazzaɓi a Sandamu, sai Kubura ta zo Daura ta juye shi a sace don ta kai wa yarinyar, ta cika gorar da ruwan randa.

Inna ta haɗiye cokali ɗaya, ta lumshe ido, ta yi kalmar shahada.

"Inna, ki yafe..."

Gwaggo ta toshe wa Kubura baki. "Kul! Ta yi shahada. Kada ki sa ta sake wata magana."

Kubura ta haɗiye sauran maganar. Kafin la'asar rai ya yi halinsa.

Bayan an kai ta, Kubura ta durƙusa gaban Gwaggo tana kuka. "Ruwan randa na ba ta, Gwaggo. Na cuce ta."

Gwaggo ta dafa kafaɗarta.

"Zamzam kika ba ta. Ranar da kika juye, tana ɗaki tana ganinki ta labule. Sau uku ta bi gidajen alhazai tana roƙo har ta sake cika gorar."

"Me ya sa ba ta faɗa mini ba?"

"Cewa ta yi za ki zo da bakinki. Shekara biyu tana jiranki."