Yadi Sittin Zuwa Tuta

Likita Pindar ya zazzage jakar sandunansa na wasan golf a ƙasa, ya tsaya a kansu yana huci. Rami na goma sha takwas ne, na ƙarshe, kuma yadi sittin kacal suka rage tsakaninsa da tutar da ke nuna ramin.

A Maiduguri ta 1986 ba wanda ya kai shi iya irin wannan gajeren bugu. Likitan tiyata ne, hannunsa ba ya rawa, a asibiti ko a filin golf. Shekara huɗu a jere yana ɗauke kofin kulob. Amma wata biyar ke nan abin ya ƙi. Zai buga, ya ji a tafin hannunsa cewa bugun ya yi, sannan a tsinto masa ƙwallon a wani wuri daban.

Ya fara ɗora laifin a kan weji, wato gajeriyar sandar nan mai kwantaccen baki da ke ɗaga ƙwallo sama ta sauke shi kusa da rami. Ya aika Legas aka kawo sabuwa mai faɗin gindi. Ta ƙi. Ya sa wani matuƙin jirgi ya taho masa da wata daga Landan. Ita ma ta ƙi.

Daga nan fushin ya bar sanduna ya koma kan mutane. Ya rubuta wa kwamitin kulob takarda mai zafi cewa leburori suna canza wurin ramuka ba sanarwa. Ya ce ana sace masa ƙwallaye a ciyawa. Madu, dattijon da ya shekara goma sha biyu yana ɗaukar masa jaka, ya taɓa buɗe baki ya ce, "Likita, ni dai a ganina ba sandar ba ce..." Bai bari ya ƙarasa ba ya sallame shi.

A asibiti ma haka. Ya yi wa ma'aikatan ɗakin tiyata kaca-kaca kan fitilar da ya ce ta dushe, aka canza ƙwai sau biyu. A coci aka fara gunaguni cewa ya yi girman kai, ana ɗaga masa hannu daga nesa ba ya amsawa. Matarsa Rebeka ta kawo masa maganar, ya bar mata abincin a kan tebur ya fita.

Yau Likita Umara ne ya nemi su buga, su biyu kawai. Tare suka yi karatun sakandare a Zariya, yanzu kuwa Umara ne shugaban asibitin. Bai iya golf ba, kowa ya sani. Duk da haka sun zo ramin ƙarshe kunnen doki, abin da ya ƙara tunzura Pindar ke nan. Ga shi kuma tun safe Umara bai kula da nasa wasan ba, sai bin Pindar da kallo yake yi.

Pindar ya durƙusa ya ɗauki ta Legas, ya shafa gindinta da babban yatsa. Wannan ta yashi mai laushi ce. A busasshiyar ƙasar nan mai tauri kamar siminti, sai dai ta yi tsalle ta sari ƙwallon a ciki. Ya jefar. Ta Landan kuwa ba ta da nauyi, iskar la'asar za ta kwashe bugun. Ya jefar da ita ma, har ta bugi jakar.

Sai ya ɗauko tsohuwar, wadda ya yi wa ritaya wata biyar da suka wuce. Bakinta siriri ne, fatar mariƙinta ta cinye daidai wurin yatsunsa.

"Ina za ka auna?" in ji Umara.

"Wace irin tambaya ce wannan? Tuta mana. Ga ta can tana kaɗawa."

Umara ya bi inda yake kallo da ido, sannan ya ja baya ya ba shi wuri.

Pindar ya gyara tsayuwa, ya matso da ƙafafunsa, ya sauke nauyinsa a ta hagu. Ya ɗaga sandar zuwa kafaɗa ya sako ta. Ƙarar ta fito tsaf, irin wadda ya daɗe bai ji ba. Ya san ƙwallon ya tashi sama sosai, ya san zai sauka ya tsaya cak.

Ya nufi wurin da sauri, ƙura na tashi a bayansa. Tun kafin ya ƙarasa ya hango farin ɗigon, bai fi taki ɗaya daga gindin sandar tutar ba.

"Ka gani!" Ya juyo yana nuna Umara da wejin. "Wata biyar ana yi mini kallon wanda ya tsufa! Ka je ka faɗa musu. Ka faɗa wa kwamiti, ka faɗa wa Madu, har ita Rebeka. Hannun nan lafiyarsa ƙalau!"

"Lafiyarsa ƙalau," in ji Umara a hankali. "Ban taɓa ganin bugu mai kyansa ba. Amma ranar Litinin ba za ka shiga tiyata ba, Pindar. Yarinyar da aka tsara za ka yi wa aiki ranar, ba za ka taɓa ta da wuƙa ba."

Pindar ya ji jini ya hau masa kai. Shekara ashirin da uku yana fiɗa, ba wanda ya taɓa tsayawa tsakaninsa da majinyacinsa. Ya buɗe baki zai zazzaga masa abin da zai raba su har abada.

Umara ya kama masa wuyan hannu, ya ja shi taku biyar gaba, ya ɗora tafinsa a kan sandar tutar.

Ɓawo Pindar ya ji, da ɗanyen ganye. Ɗan dashen dogon-yaro ne da leburori suka ɗaura wa jan tsumma, tutar kuwa tana can hagu, taku arba'in daga inda suke tsaye.