Ragon da Ya Ƙi Dusa

Ummulkhairi ta sake buɗe shafin, ta ga yau ma rabin kofin kunu kawai aka ba shi.

Manhajar tata ce, ita ta tsara ta da Hausa don masu ajiye dabba a gida. Mutum zai sa abin da dabbarsa ta ci da yadda ta wuni, waya kuma ta riƙa tuna masa lokacin magani. Kafin ta ƙaddamar, sai ta tura ta zauren hirar 'yan uwa da maƙwabta na garinsu Kura, ta ce kowa ya gwada. Ta yi musu alkawarin ba za a ga sunan kowa ba, ko ita kanta ba za ta gani ba.

Yawancinsu sun gaji da wuri. Wani ya sa kyanwarsa, wani tattabarunsa, suka watsar da ita da lokacin dashen shinkafa ya zo. Mutum ɗaya ne bai taɓa fashi ba. A wurin nau'in dabba ya zaɓi "wani daban", bai sa suna ba. Daga nauyin da aka rubuta, Ummulkhairi ta yanke cewa rago ne, irin wanda ake sabawa da shi har a kasa yanka shi.

Ragon ba shi da lafiya. Da farko an rubuta cewa ya daina zuwa bakin kanal, hanyar ruwan noman rani, da safe kamar yadda ya saba. Daga baya aka ce yana yawan kwanciya, ƙafafunsa sun kumbura. Manhajar ta yi ta ba da shawarar dusa da harawa, amma ba a taɓa nuna ya ci ba.

Sai ta yi kuskure. Ta sabunta manhajar a gurguje, ƙararrawar magani ta mutu ba ta sani ba. Kafin ta farga mako ya shuɗe, kuma a duk kwanakin nan wurin maganin ragon a wofi yake. Ranar da ta gyara, abin da aka rubuta shi ne: ya faɗi a tsakar gida.

Ta kasa cin abincin rana a ofis. Ta kai bayanan ragon wurin Mudassiru, likitan dabbobin da ke ba ta shawara, ya duba ya ce bai taɓa ganin rago mai shan kunu da cokali ba, amma mutanen karkara ba abin da ba sa yi wa dabbar da suke so. Ya ce alamun sun yi kama da ƙarancin jini, sai dai ba zai iya cewa komai ba sai ya ga cikin fatar ido.

Ta rubuta wa mai ragon saƙo da sunan manhaja. Ta ba da haƙuri kan ƙararrawar, ta ce a kai shi wurin likita ba tare da jinkiri ba. Amsa ta zo da yamma.

"An kai shi, an ba da magani. Ba ni ce mai shi ba, riƙo nake yi. Masu shi suna birni, aiki ya yi musu yawa."

Wannan ya tsaya mata a rai. Ta gaya wa Mudassiru cewa ba ta gane irin mutanen nan ba, da za su bar wa wata ɗawainiyar mai rai su tafi, ko leƙowa ba sa yi. Ta ce kuskuren nata ne, amma da suna kusa da sun lura an daina ba shi magani.

Ran Juma'a ta kira gida daga birni, kamar yadda take yi idan ta tuna. Asta, matar ƙanenta wanda shi ma yake aiki a birni, ita ta ɗauka, ta ce kowa lafiya, sannan ta miƙa wa surukinta Malam Habibullahi, mahaifin Ummulkhairi. Ummulkhairi ta ce ta ji muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce daga barci ya tashi. Ta ce in Allah ya yarda da an ƙaddamar da manhajar za ta zo, wannan karon da gaske.

"Uwata, yi aikinki," ya ce. "Tun kakar albasa kike tahowa, ai kin kusa isowa."

Ta yi dariya, shi ma ya yi, har tari ya sarƙe shi. Asta ta karɓi wayar ta ce ƙurar sussuka ce.

Asabar da Lahadi ba ta fita ba. Ta zauna ta ƙara wa manhajar wurin ɗaukar hoto, da bayanin yadda ake yi: a ja fatar ido ta ƙasa da ɗan yatsa, a fuskanci haske, a ɗauka. Duk masu gwaji sun samu, amma saboda mutum ɗaya ta yi shi. Ta ƙudurta cewa idan hoton ya nuna abin ya yi tsanani, za ta karya alkawarinta, ta nemo ko su wane ne masu shi, ta gaya musu abin da ba za su so ji ba.

Litinin da hantsi hoton ya shigo. Ta kira Mudassiru ya matso kusa, sannan ta buɗe.

Ɗan yatsa ne mai lalle, ya ja fatar ido ƙasa daidai yadda ta koyar, cikinta fari fat babu alamar jini. A samansa farar gira, a ƙarƙashinta kuma idon mahaifinta yana kallonta.