Babur Ɗin da Nomau Ya Ƙi Kwantarwa

Tunda ka ce bana za ka sayi babur, kuma na ga idonka na kan mai babban inji, gyara zama ka ji yadda aka yi da Nomau.

Nomau manomin rani ne, gajere, mai kaifin baki, irin mutumin nan da in ya kafe a kan abu ko uwar da ta haife shi sai dai ta sa masa ido. Shekara da shekaru a kan jaki yake kai kaya fadama. Da tumatir ya yi albarka wata shekara, sai shi da taubashinsa Jatau suka tafi birni sayen babur. Dukansu sababbin hannu ne, mako uku kacal suka yi suna koyo da na aro a filin ƙwallon gari. Mai shagon wani tsohon bakanike ne, Malam Tsalha, kuma yana da wata al'ada da ba ya fasawa: in sabon hannu ya nuna babur, sai a shimfiɗa buhuna, a kwantar da babur ɗin a ƙasa, mai saye ya tayar da shi shi kaɗai. Jatau ya nuna ƙarami, aka kwantar, ya sunkuya ya miƙar da shi ko nishi bai yi ba. Nomau kuwa tun daga bakin ƙofa zuciyarsa ta tafi ga wani jibgege baƙi wuluk, wanda in an tayar da injinsa har cikin ƙirji ake jin rurinsa. Ya hau, yatsun ƙafarsa kaɗai ke taɓa ƙasa. Malam Tsalha ya ce a kwantar a gani. Nomau ya ce, "Haba Baba, ni hawa na zo saya, ba faɗuwa ba." Tsoho ya ce, "Ɗana, babu sabon hannun da ba ya faɗuwa. Ƙarami in ka murɗa masa wuta ya wuce kima zai yi maka uzuri. Wannan kuwa abin da hannunka ya ce shi zai yi, ko da kuskure ne." Ina! Nomau ya yi nisa, ya biya kuɗin babban ba tare da an kwantar ba. A hanyar gida ya wuce Jatau fuu, yana waige yana cewa, "Kauce da akuyarka!"

To, sai ga lokacin dashe. Wata guda cur Nomau ya yi yana renon irin tumatir a bayan gida, ban ruwa safe da yamma, kuma shi ne abincin gidansa na shekara. Ka san irin tumatir, ranar da aka cire shi ranar ake dasa shi, kafin rana ta yi ƙarfi. Ya cire shi kaf da sassafe, ya jera a kwanduna biyu, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu, ya ɗaure a bayan babur. Jatau tuni ya yi gaba da nasa. Tsakanin gari da fadama akwai wani rafi da ya ƙafe, rairayi ne tsagwaronsa, mai haɗiye ƙafa har idon sawu. Nomau na shiga, tayar gaba ta fara rawa. Hannunsa ya ƙanƙame, maimakon ya sassauta wuta sai ya murɗa. Wallahi babur bai yi masa gardama ba, ya yi tsalle ɗaya ya maka shi da ƙasa. Ƙafa ta yi targaɗe, salansar babur ta ƙone masa ƙwauri, kwanduna suka tarwatse.

Duk da haka da sauran dama, don inji lafiyarsa lau, rana kuma ba ta ɗaga sosai ba. Abin da ya rage kawai a tayar da babur. Nomau ya kama ƙahon babur ya yunƙura, ko gezau. Ya juya baya ya sa kafaɗa, ƙafafunsa suka nutse cikin yashi. Ya yi sau biyar, ya yi sau goma, har idanunsa suka yi ja. Ranar kasuwar wani gari ce, hanyar fadama ko tsuntsu. Ya bi da rarrafe yana tsince irin ɗaya bayan ɗaya, ya tuɓe rigarsa ya rufe shi, yana kallo buhun ya bushe ƙayau, ganye ya langaɓe kamar dafaffiyar rama. Mutumin da ba a taɓa ganin hawayensa ba, ranar ya yi kuka.

Sai bayan azahar Jatau ya ɓullo a kan akuyarsa, ya gama dashe har ya yi ban ruwa. Ko wasan taubasantaka bai yi masa ba, tausayi ya hana. Suka kama su biyu suka miƙar da babur ɗin. Sannan Jatau ya nuna wani gurbi a cikin yashi, taku biyar daga wurin, ya ce, "Ni ma nan na faɗi ɗazu da safe."

Shekarar nan filin Nomau ciyawa ce ta ci shi, shi kuma ya yi ƙwadago a na Jatau. Don haka in ka je shagon, ka ce a kwantar maka da shi tukuna. Babban ba gudu zai yi ba, yana nan yana jiran ranar da hannunka zai nuna. Hausawa dai sun riga sun faɗa: kowa ya haɗiyi taɓarya, ya kwana tsaye.