Alamar Tsayawa a Gaban Tukubar Shekarau

Tunda motoci suka daina aiki da direba suka koma bin taswirar da jama'a ke gyarawa, babu wadda ke tsallake alamar tsayawa. Shekarau mai tsire ya ƙirƙiri wata a taswirar, daidai gaban tukubarsa, ta minti ashirin. 'Yan kasuwa arba'in suka sa hannu, ciniki ya buɗe.

Yau motar da ya ɗauko matarsa Barmani a ciki, wadda kububuwa ta sara, ta ja birki a nan kan hanyar asibiti.

Ya diro yana yi wa dattijon 'yan kasuwar ihu. "Baba Jatau, don girman Allah a goge ta!"

"Ɗana, gogewa sai hannu arba'in. Mu bakwai muka fito kasuwa yau."

Mai fura ta ƙwanƙwasa gilashin kamar kullum. "Hajiya, a dama miki?"