Inda Na Ja, Ki Ja

Kwana arba'in da binne malaminta, aka jera mata shafuka shida na kiɗansa na ƙarshe a wani zaure a Accra. Sarewar kilarinet kaɗai ya rubuta wa, ba ganga, ba fiyano. Shekara goma sha biyu tana ɗalibarsa, amma ko a wajen jana'iza hawaye bai zo mata ba.

Ranar da ya miƙa mata takardun ta ce, "Haba Farfesa, duk ka cika su da alamar jan numfashi. Tsohuwa ka ɗauke ni?"

Ya yi tari, ya ce, "Ke dai busa, sarkin surutu. Inda na ja, ki ja."

Duk lokacin gwaji tsallake alamomin take yi, don ƙirjinta da ƙarfi. Yau ba ta da kuzarin gardama, sai ta bi fensirinsa kawai.

A shafin farko numfashi ɗaya ya kai ta ƙarshen layi. A na uku, rabin layi. A na biyar, sauti uku sai ta tsaya, sauti biyu sai ta tsaya, har zauren duka yana jin hakinta. Matarsa, a kujerar gaba cikin baƙin zane, ta toshe baki da hannu. Wata takwas ta yi tana jin wannan hakin a gefenta, daga ƙirjinsa.

Shafi na shida sauti ɗaya ne, dogo. Ɗalibar ta riƙe shi, idonta na neman alamar jan numfashi. Har ƙasan takardar babu.