Fartanyar Iliyasu

Sada yana tsugune a bakin kwatar ban ruwa, yana karkata ruwa cikin tumatirinsa, mai unguwa ya tsaya a kansa ya ce saƙo ya zo daga birni. An rataye Iliyasu shekaranjiya.

Shekara shida Sada yana jiran wannan magana. Ya ce alhamdu lillahi, ya tsaya ya ji sanyin da ya daɗe yana yi wa zuciyarsa alkawari. Bai ji komai ba sai ruwan da ke bin ƙafarsa.

Gawar ƙaninsa Badamasi aka tsinta a wannan kwatar da hantsi, ƙeya a fashe. Gefensa ga fartanya mai ƙuna biyu a ƙota, shaidar da duk manoman Bunkure suka san ta Iliyasu ce. Gonar Badamasi da ta Iliyasu kunya ɗaya ta raba. Ana gobe abin zai faru an ji su suna cacar baki a kan wanda layin ban ruwa ya zo kansa. Kuma kowa ya san Iliyasu ya taɓa neman auren Barira kafin Badamasi ya aure ta.

A kotu an kira Barira, tunda ita take kai wa mijinta abinci gona kullum. Ta ce ranar zazzaɓi ya kwantar da ita, ba ta fita ba. Alƙali ya maimaita tambayar sau biyu, don kunnenta na hagu ya daina ji tun wani mari da Badamasi ya yi mata. Da aka juyo kan Iliyasu, abu ɗaya ya faɗa: "Fartanyata ce."

Liman ya zo neman yafiya, dattawa suka zo. Sada ya ce in aka yafe wannan, gobe duk wanda aka tare wa ruwa sai ya ɗaga fartanya. Ba don ramuwa ba, in ji shi, don na baya su ji tsoro. Amma ko damina ba ta zagayo ba aka sake sare wani a kan ruwa a Kura.

Barira ma ta zo, sau uku, ta durƙusa.

"Yaya, a bar shi da ransa. Akwai maganar da..."

"Malamai sun ce mace ba ta da ta cewa a jinin miji," ya katse ta. "Haƙƙinmu ne."

Ya ɗauka taushin zuciya ne irin na mata. Ba ta sake aure ba, ta zauna a gidan tana rainon marayunta biyu. Kullum takan aiko masa da tuwo a wata langa mai furanni, an rufe ta da faifai maimakon murfi. A gindin langar akwai ɗigo uku na jan farce, shaidar da take yi wa kwanukanta don kada su ɓace a gidan biki.

Sada ya wanke ƙafa ya nufi gida don ya kai mata albishir. A tsakar gida ya tarar da Iya Asta, mahaifiyar Iliyasu, wadda rabonta da taka gidan tun ranar da aka kama ɗanta. Idonta a bushe, hannunta riƙe da ƙullin tsumma. Barira tana jingine da bango.

"Ba wurinka na zo ba, Sada," in ji tsohuwar. "Kai ka samu abin da kake so. Amana na kawo. Shekara shida tana ƙasan rumbu. Ya ce kada in taɓa ta sai bayan ransa."

"Amanar me?"

"Ya ce shi ya fara isowa wurin gawar. Ya jiyo muryoyin mutane, abu ɗaya kawai ya samu damar ɗauka. Sai ya bar fartanyarsa."

Ta kwance ƙullin, ta ajiye a gaban Barira.

Murfin langa ne mai furanni, da busasshen jini a bakinsa, da ɗigo uku na jan farce.