Ƙafar Hagu

Muna ɗaure buhun shara na tara sai wata tsohuwa ta danne bakinsa da sandarta.

"Kwance min wannan, 'yata."

Mu ɗalibai ne daga birnin Varna, ni ce shugabar ƙungiyar. Asabar uku ke nan muna kwashe robobi da tsummokaran raga a gaɓar tekun ƙauyen su tsohuwar, amma sai yau ta sauko.

"Kaka, sufeton shara aka naɗa ki?" in ji wani abokin karatuna. Aka yi dariya.

"Kai dai zazzage, ɗan nema. Bakinka ya fi hannunka aiki."

Ya zazzage. Ta tona da sanda, ta girgiza kai.

Na ce, "Me kike nema, Kaka?"

"Takalmin roba irin na masunta, ruwan ɗorawa, ƙafar hagu. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ɗana ya fita kamun kifi. Na dama kaɗai teku ta dawo min da shi, shi na binne. An ce duk abin da ta amayo kuna tsincewa."

Na ce za mu duba mata.

Ban faɗa mata ba, a Asabar ta farko na zaro irinsa daga yashi. Da na juye ruwan da ke ciki, na ji wani abu yana ƙaras-ƙaras ta wajen yatsu. Ban leƙa ba. Na jefa shi a buhu, motar shara ta wuce da shi wurin ƙonawa, muna bayanta muna shewa.